Jinjina Ga Masu Rubuta GRUB

Kafin babbar manhajar kwamfuta ta farka, wani ɗan ƙaramin shiri ne ke riga ta tashi ya share mata hanya. A kwamfutoci da yawa, sunansa GRUB. Erich Boleyn ya fara rubuta shi a 1995, kuma a 1999 ya shiga cikin ayyukan GNU. Masu riƙe da shi sun cancanci yabo sosai.

Zuciyar manhaja, wato kanel, tana shigowa kamar baƙo cikin dare: ba ta san wane yanki na RAM ne nata ba, wanne aka keɓe wa BIOS ko teburan ACPI. In ta yi rubutu a wurin da aka keɓe, na'ura na iya tsayawa cik. A injuna masu BIOS, GRUB ke tambayar BIOS taswirar RAM ta kiran E820, yanki bayan yanki: mafarinsa, tsawonsa, nau'insa. A ƙa'idar Multiboot, wadda GNU Mach da Xen ke bi, yakan sa wa kanel adireshin bayanan a rijistar EBX, lambar shaida 0x2BADB002 kuma a EAX. Linux tana da tata ƙa'idar, kuma ita ma GRUB yana cika mata.

Aikin na buƙatar haƙuri, domin BIOS na wasu injuna kan ba da yankuna masu hawan juna.