Seydou Keïta, Mai Hoton da Ba Ya Ɗauka Sau Biyu

A unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan yarin birnin Bamako, akwai wani gida da jama'a suka riƙa yi wa tsinke daga 1948 zuwa farkon shekarun 1960. Gidan wani kafinta ne, a tsakar gidan kuma ɗansa Seydou Keïta ya kafa kyamararsa. Mata sukan zo sun ci ado, samari sukan zo sun sha aski, matafiya da suka sauka daga jirgin ƙasan Dakar sukan ratso kafin su wuce garuruwansu. Kusan kowannensu sau ɗaya tak ake ɗaukarsa. Fim da takardar hoto daga Turai suke zuwa, da tsada kuma, don haka babu zancen a ɗauki goma a zaɓi guda. Wannan matsi shi ya sa Keïta ya ƙware a abin da ya fi komai wuya a sana'ar hoton mutum, wato a gama aikin tun kafin a buɗe idon kyamara.

An haife shi a Bamako wajejen 1921, lokacin ƙasar tana hannun Faransa ana kiranta Sudan ta Faransa. Ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa katako da zarto. A 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya fara, yana ɗaukar 'yan gida da abokan aiki. Ya ƙaru da wani Bafaranshe mai kantin kayan hoto, Pierre Garnier, da kuma Mountaga Dembélé, malamin makaranta wanda ya riga shi shiga sana'ar. Bai yi wata makarantar koyon hoto ba. Amma wanda ya taso a gidan kafinta ya san darajar awo, ya san in aka yanka katako ba daidai ba babu mai mayar da shi.

Kyamarar da ya yi suna da ita babba ce, irin ta katako mai tsayawa a kan ƙafafu uku, wadda fim ɗinta falle-falle ne, kowane falle santimita 13 a 18. Mai aiki da irinta yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya dubi wani gilashi a bayanta, inda mutumin da ke gabansa yake bayyana a kife, kai ƙasa, ƙafa sama. A nan zai daidaita komai, ya matso da idon kyamarar ko ya ja shi baya har ƙwayar ido ta fito sarai. Da zarar ya zura fim, gilashin ya rufe, ba ya ƙara ganin komai ta ciki. Sai ya fito daga ƙyallen, ya tsaya gefe, ya dubi mutum ido da ido yana jiran lokacin da fuska za ta zauna. Tun da hasken yakan ɗan jima yana shiga, motsi kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Ke nan dole mai hoto ya iya sanya mutum ya natsu ba tare da ya sandare ba, wannan kuwa ba a na'ura yake ba, a bakin mai hoto yake da halinsa.

Sai maganar haske. Keïta ya fi son hasken rana a kan na lantarki, shi ya sa yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ƙasashenmu na bakin hamada ya san ranar tsaka ba ta da tausayi: takan cika kwarmin ido da duhu, ta sa goshi ƙyalli, ta sa mutum yamutse fuska. Gwani yakan nemi inuwa mai haske, inda rana ta bugi bango ko ƙasa ta dawo a tausashe. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan, wato baƙar fata cikin farar riga. In aka ba fim hasken da ya dace da rigar, fuska ta dushe. In aka bi ta fuska, rigar ta zama fari fat, babu aiki babu ninki. A hotunan Keïta za ka ga duka biyun sun tsira. Kana ganin santsin kunci da tsagen fuska, kana kuma ganin zaren aikin wuyan riga da ƙyallin shadda. Wannan daidaito da ido ya auna shi, bayan ya daɗe yana gwaji yana lura.

Inda ya fi yin zarra shi ne zaunar da mutum. Hoton katin shaida a miƙe yake, fuska gaba, kafaɗu daidai, kowa ya fito kamar wanda ake tuhuma. Keïta yakan karkata mutum, ya juya kafaɗa ɗaya baya, ya ɗan sunkuyar da kai ko ya ɗaga haɓa, har ya sami ɓangaren da fuskar ta fi kyau. Hannu kuwa bai taɓa barinsa ya yi abin da ya ga dama ba. Mutumin da bai saba da kyamara ba, hannunsa ne ke fara tona masa asiri, ya rasa inda zai sa shi. Shi sai ya ba hannun aiki: ya tallafe kunci, ya dafa bayan kujera, ya kwanta a kan gwiwa yadda zobe da awarwaro da lalle za su fito. Doguwar mace yakan kishingiɗar da ita a kan gado, ta tokare kai da hannu, rigarta ta bazu ta cika hoton daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai hotonsa na wani ƙaton mutum cikin babbar riga, yana murmushi, ya ɗora 'yar ƙaramar yarinya a cinya. Girman uban da ƙanƙantar 'yar su ne dukan labarin, bai ƙara komai a kai ba. Shi da kansa, da aka tambaye shi daga baya, abin da ya nuna yana alfahari da shi ke nan, cewa ya san yadda zai zaunar da kowa.

Bayan mutum kuma yakan rataya ƙyalle. Da zanen gadonsa mai geza ya fara, daga baya ya riƙa sayen yadi mai zane yana canzawa bayan 'yan shekaru, har ta kai da bangon yake gane shekarar da ya ɗauki hoto. A ƙa'idar da ake koya wa masu hoto, mai sanye da atamfa mai ado sai a tsayar da ita gaban bango marar ado, kada su yi kishi. Keïta bai bi wannan ba. Yakan haɗa zane da zane, riga mai fure gaban bango mai ganye, a kan shimfiɗa mai dara-dara. Abin da ya sa hakan bai zama hayaniya ba shi ne hoton baƙi da fari ne, shi kuwa ya san yadda kowane launi zai koma in an cire masa launinsa, wanne zai yi duhu, wanne zai yi toka-toka. A tsakiyar wannan cunkoson zane, fuska da hannuwa su kaɗai ne wuri mai santsi, don haka can ido yake zarcewa ya huta. Duk wanda ya san yadda matan Mali suke ji da tufafi, ƙasar da galila take fito mana, zai gane dalilin da ya sa suka riƙe shi. Sun sami mai hoton da ya ɗauki ɗinkinsu da ɗaurin ɗankwalinsu da muhimmancin da su suka ɗauke su.

Ya kuma tanadi kayan aro. Akwai kwat da taye da hula irin ta Turawa, akwai agogo da alƙalami da tabarau, akwai rediyo da tarho da furen roba, akwai keke da babur Vespa, har da motarsa Peugeot 203 da mutane kan jingina da ita. A jikin bango ya liƙa hotunan da ya ɗauka a baya, mai zuwa ya duba ya nuna irin zaman da yake so. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma a tsakar gidan Keïta yakan rufe. Dubi sanannen hotonsa na wani saurayi cikin farin kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure. Babu alamar dariya ko kunya a tare da shi, babu abin da ke nuna ba nasa ba ne. Wani zai ce ai wannan ƙarya ce aka shirya. Sai dai saurayin da ya baro ƙauye ya zo Bamako neman aiki, in ya aika wa iyayensa hotonsa da agogo a hannu, burinsa yake nuna musu, burin kuwa gaskiya ne. Aikin mai hoto shi ne ya gyara masa wuyan rigar, ya nuna masa yadda ake riƙe alƙalamin, kada a yi masa dariya a gida.

Nan ne bambancinsa yake da hotunan da Turawan mulkin mallaka suka riƙa bugawa a katin gaisuwa. A waɗancan, akan tsayar da Ba'afirke a ɗauke shi a matsayin samfurin ƙabilarsa, ba a tambaye shi yadda yake so ya fito ba, hoton kuma ba hannunsa zai shiga ba. A wurin Keïta mutum da ƙafarsa ya zo, da kuɗinsa ya biya, shi ya zaɓi kayan da zai sa, shi zai tafi da hoton. Shi ya sa kallon da suke yi wa kyamara kallon mai iko da kansa ne.

Idan rana ta faɗi sai aikin ɗakin duhu. A tsoma fim a ruwan maganin da ke fito da hoto, a mayar da shi cikin wanda ke tsayar da shi, sannan a ɗauraye da ruwa sosai. Mai gaggawa a nan yake ha'inci, domin hoton da ba a ɗauraye da kyau ba lafiya lau zai fito a ranar, sai bayan shekaru ya yi ja ya dushe, lokacin mai shi ba shi da wanda zai kama. Keïta bai cika faɗaɗa hoto ba. Yakan ɗora fim ɗin kai tsaye a kan takarda ya haska, hoton ya fito daidai girman fim ɗin, ba abin da ya ɓace. Ya buga hatimin sunansa, ya miƙa wa mai shi. Fim ɗin kuma ba ya yar da shi. Ya adana dubbai a cikin akwati, a garin da ƙura da zafi da damina suke cin takarda, alhali babu wanda ya ce masa wata rana za a neme su.

A 1962, shekara biyu bayan Mali ta sami 'yanci a ƙarƙashin Modibo Keïta, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a hukumar tsaro, ba da jimawa ba ya rufe shagonsa. Ya yi ritaya a 1977. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje kolin fasahar Afirka a New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukar ba. Wani mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura wani mai suna André Magnin Bamako neman mai su. Malick Sidibé, wani gwanin mai hoto na birnin, yana ganinsu ya ce aikin Keïta ne. Ai wannan ma shaida ce: aikin da abokin sana'a zai gane ba tare da suna ba, mai shi ya sa hannu a cikinsa tun kafin hatimi. A 1994 aka yi masa baje koli nasa shi kaɗai a cibiyar Fondation Cartier da ke Faris, shekarar da aka fara babban taron masu hoton Afirka a Bamako. An faɗaɗa hotunan nan na tafin hannu har suka kusa kai tsayin mutum, ba su fashe ba, sai ma ƙara fito da abin da ke cikinsu da suka yi. Ya rasu a Faris a 2001, a 2016 kuma aka cika zauren Grand Palais da aikinsa.

Ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. Sidibé ya bi matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogin Neja, har ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. A Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Mu ma kowane gari namu ya yi nasa mai hoton, wanda ake yi wa layi ranar sallah, mai cewa "Hajiya, ɗan juyo nan," ko "Alhaji, a gyara hular." Da yawansu gwanaye ne, amma da shago ya rufe sai fina-finan su bi shara, ko gara ta cinye.

Yau matashin da ya buɗe gidan hoto a Kano ko Maraɗi yana da kyamarar da za ta ɗauki ɗari cikin minti guda, da kwamfutar da za ta goge ƙurji, ta haskaka fata har amarya ta kasa gane kanta. Babu laifi a na'ura, amma ba za ta gaya masa wane gefen fuska ya fi kyau ba, ba za ta kwantar da hankalin tsohuwar da ke tsoron kyamara ba. Waɗannan sai ya koye su kamar yadda Keïta ya koya, ta hanyar duban mutane da kyau da kuma girmama su. Idan ya koya, to ya sa sunansa a bayan aikinsa, ya adana asalin kowane hoto da sunan mai shi da shekarar da aka ɗauka, domin jikokin wannan amaryar za su zo nema.