Ƙwaƙwalwa ɗaya a matsayin ma'auni: sharhi kan taswirar Talairach da Tournoux

A wannan taƙaitaccen sharhi muna so mu duba kalmar «variation anatomique» da yadda ya dace a ba ta ma'ana da Hausa. Za mu dogara da littafin taswirar ƙwaƙwalwa da Jean Talairach da Pierre Tournoux suka wallafa a 1988.

Amfanin littafin ba ya ɓoyuwa. Ya kafa ma'auni bisa layin da ke haɗa mahaɗa biyu na tsakiyar ƙwaƙwalwa (CA da CP), ta yadda likitan fiɗa zai iya lissafa wurin abin da ido ba ya gani. Sai dai daga ƙwaƙwalwar mace guda, mai shekara 60, aka zana taswirar bayan rasuwarta. Ke nan duk wanda bai yi daidai da ita ba sai a ce ya «bambanta».

Mu ɗauki misalin cibiyar da Jules Luys ya bayyana a 1865, wato «noyau subthalamique». Tun 1993 ƙungiyar Alim-Louis Benabid a Grenoble ta fara dasa mata ƴar waya mai lantarki don rage wahalar cutar Parkinson. Girman cibiyar ƴan milimita ne kawai. Hotunan IRM sun nuna wurinta na canzawa daga mutum zuwa mutum, kuma idan shekaru suka ja, kogon ruwa na uku ya faɗaɗa, takan matsa gefe. Kuskuren milimita biyu na iya kai wayar ga jijiyoyin makwabta, magana ta sarƙe ko fuska ta riƙa murɗewa. Shi ya sa likitoci da yawa suka koma ga ganin cibiyar kai tsaye a hoton maras lafiya, taswira ta zama abin tuntuɓa.

Masanin harshe ya san wannan matsala. Da aka ɗauki karin Kano a matsayin daidaitacciyar Hausa, sai maganar Tawa ko Maraɗi ta zama kamar karkacewa, alhali zaɓi ne aka yi.

Saboda haka ba mu goyon bayan fassarar «karkacewa», domin tana nuna akwai aibi. Muna ba da shawarar «bambancin halitta», wadda ba ta ɗora wata ƙwaƙwalwa bisa sauran.