Kalmar "Up" ta Ingilishi da Matsalar Fassararta

Sau da yawa akan koya wa ɗalibi cewa ma'anar "up" ita ce "sama", a tsaya nan. A ganinmu wannan fassara ba ta kai ko rabin zancen ba.

Haƙiƙa wanda aka ce masa "look up" zai ɗaga kai. Amma a yawancin hanyoyin jirgin ƙasa na Ingila, jirgin da ya nufi Landan shi ake kira "up train", ko da gangara yake yi. Martabar birnin ake dubawa a nan, ba tudu ba.

Inda muka fi so a lura shi ne "eat up", "drink up" da "buy up". Babu batun sama a cikinsu ko kaɗan, sai dai nuna cewa an gama aikin ƙaƙaf. Hausa kuwa ba ta neman wata kalma dabam domin wannan. A jikin aikatau take nuna shi: "ci" ya zama "cinye", "sha" ya zama "shanye", "saya" ya zama "saye". Wannan ne aji na huɗu a rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a 1960. Saboda haka in likita ya ce "drink up your medicine", abin da tafinta zai gaya wa majinyaci shi ne "shanye maganinka", kada ya rage ko ɗigo.