Harshen Gidan Gem: Nazarin Aro da Faɗaɗa Ma'ana a Tsofaffin Wasannin Bidiyo a Jalingo

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe suna nazarin wasannin gargajiya na Hausawa irin su langa da dara da carafke, amma ba a cika waiwayar wasannin bidiyo ba, domin ana ɗaukar su a matsayin baƙin abubuwa da ba su da alaƙa da harshe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan zato yana da rauni. Wasannin sun iso ƙasar nan ba tare da kalmar Hausa ko ɗaya ba, amma yaran da suka buga su sun yi musu sutura da Hausa, kuma faɗaɗa ma'anar kalmomin gida ya rinjayi aro a wannan aiki. An ɗauki Jalingo a matsayin misali saboda gari ne da Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa suke cuɗanya, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin Atari na Amurka ya fito da wasan Pong a 1972, sannan ya fito da na'urar Atari 2600 a 1977. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988, Sony kuma da PlayStation a 1994. Yawancin na'urorin da suka fara shiga gidajen talakawan Nijeriya kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, masu araha, waɗanda kaset ɗinsu guda kan ƙunshi wasanni da dama.

Yaɗuwar waɗannan na'urori ta zo daidai da bunƙasar Jalingo, wadda ta zama babban birnin Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, bayan an raba tsohuwar Jihar Gongola. Kamar a sauran biranen Arewa, yaron da ba a saya masa na'ura a gida ba yakan biya kuɗi kaɗan ya buga a shagon da ake kira gidan gem. A irin wannan shago ne kalmomin da za a duba suka samu gindin zama.

3.0 Kalmomin Aro

Kalmomin da aka aro ba su da yawa, kuma kusan dukkansu sunayen kayan aiki ne: gem, kaset, fad da bos. Sun bi ƙa'idojin da aka sani na hausantar da baƙin kalmomi. Misali, sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/ a kalmar fad. Ko ita ma fad tana da kishiya ta gida, wato hannu, kamar a jimlar "ba ni hannu ɗaya mu buga tare". Ita kuwa bos, ba ta hanyar gem ta fara shigowa ba. Masu kallon finafinan Indiya da na Sin sun riga sun san ta da ma'anar babban mugun da jarumi zai kara da shi a ƙarshe, gem ya gaje ta ne kawai.

4.0 Faɗaɗa Ma'ana

A nan ne ainihin aikin harshe ya bayyana. A dubi waɗannan misalai:

(1) Saura min rai biyu.
(2) Na mutu sau uku a wannan rami.
(3) Ya cinye gem ɗin.

A tunanin Bahaushe rai ɗaya ne, ba a ƙirga shi ga mutum guda. Jam'insa, rayuka, na mutane da yawa ne. Amma wasan Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci tsara shi a 1985, yakan fara da bai wa ɗan wasa dama uku, kuma yakan ƙara masa ɗaya idan ya tara kwabbai 100. Wasan Contra na kamfanin Konami ma yana da wata dabarar danne-danne da ke ba da dama 30. Yara sun kira wannan dama rai, suka mai da shi abin ƙirgawa, abin tarawa da kashewa kamar kuɗi. Misali na (1) ya nuna haka.

Misali na (2) ya fi jan hankali. A zancen yau da kullum, mai rai ba ya cewa "na mutu" sai da sigar kambamawa ko neman agaji. A gidan gem kuwa jimlar bayani ce tsagwaronta, har ana haɗa ta da "sau uku". Wakilin suna na mutum na ɗaya ya tashi daga mai magana ya koma kan ɗan hoton da ke cikin talabijin, ba tare da kowa ya ruɗe ba.

A misali na (3), aikatau ci, wanda dama yake ɗauke da ma'anar nasara kamar a cin yaƙi da cin jarrabawa, ya shiga giredi na huɗu bisa tsarin da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, mai nuna cikar aiki. Saboda haka cin gem nasara ce a karawa guda, cinye gem kuwa kaiwa ƙarshensa ne baki ɗaya. Bambanci ne da nahawun Hausa ya samar da kansa.

5.0 Gem da Tatsuniya

Dalilin da ya sa wasan Mario ya karɓu cikin sauƙi shi ne zubinsa ba baƙo ba ne. Wani mugun halitta mai aman wuta ya sace gimbiya, jarumi ya ratsa duniyoyi takwas, kowace mai matakai huɗu, domin ceto ta. A ƙarshen bakwai na farko ana shaida masa cewa tana wata fadar. Wannan maimaici da jinkirta buri ya yi kama da tatsuniyoyin Dodo, ya kuma dace da tsarin da Vladimir Propp ya bayyana a 1928 game da tatsuniyoyin Rasha. Ba mamaki da yara suka riƙa kiran mugun da sunan dodo.

Sai dai kamannin suna da iyaka. Tatsuniya tana rayuwa ne da baki, tana da waƙa da amshi, kuma tana ƙarewa da darasi. Gem ba ya magana da yaron da harshensa, darasinsa kuma bai wuce naci ba: wasan Mario na farko ba ya ajiye inda aka tsaya, don haka da an ɗauke wuta sai a koma farko. Adabin da ke cikin lamarin yana bakin 'yan kallo ne, masu zuga da zolaya da ba da labarin yadda aka kashe bos.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa ta ari sunayen kayan wasa, amma ta yi amfani da nata kalmomin wajen bayyana abin da ke faruwa a cikinsa, kuma a gari irin Jalingo, yaran da Hausa ba harshen uwa ba ne gare su suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A yau wayar hannu ta karɓe wurin tsofaffin na'urorin, waɗanda suka yi ƙuruciya da su kuma sun manyanta. Ya kamata masu aikin ƙamus da masu nazarin walwalar harshe su tattara waɗannan kalmomi daga bakinsu tun ana tuna su, kamar yadda Bargery ya taskace Hausar zamaninsa a ƙamusunsa na 1934.