Nauyin da Aka Ɗora wa Kalmar "Zafi" a Fassarar Kimiyya

Masu fassara darussan kimiyyar sinadarai zuwa Hausa sun ɗora wa kalmar "zafi" kayan da ya fi ƙarfinta. Da ita suke nufin abin da ma'auni ke nunawa, da ita suke nufin makamashin da ke ratsawa daga wuta zuwa tukunya, sa'an nan kuma su miƙa mata ma'anar entalfi. Alhali kuwa ruwan da ya tafasa ba ya wuce digiri 100 a matsin iska na yau da kullum, komai iza wutar da aka yi, domin makamashin yana tafiya ne wajen mai da shi tururi. Ɗalibin da kalma ɗaya kawai ke hannunsa, yaya zai bayyana wannan?

Wasu kan ce "ƙunshin zafi". Wannan ma ɓata ce, don ba a auna entalfin abu ɗungurungum, sai dai canjinsa. Canjin nan ne dokar Hess ta 1840 ta shafa, watau jimillarsa ɗaya ce, ko sinadaran sun sauya a mataki guda ko a matakai da dama. A ganina gara a ari "entalfi" yadda aka ari "lantarki".