Bege a Bakin Kabari: Nazarin Makokin Kiristocin Arewa

Wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa a gidan Kirista a Kafanchan, ko Jos, ko Garkida, ya san waƙa ce ke tarar mutum tun daga bakin layi. Matan Zumunta na ikilisiya ne zaune a rumfa cikin zane iri ɗaya, wata na buga tulu, wata ganga, ɗaya na bayarwa sauran na amshi, wani lokaci har gari ya waye. Yawancinsu Bajju ne, ko Birom, ko Bura, ko Tangale, amma da Hausa suke makoki. Dalilin a tarihi yake. 'Yan mishan na SIM da suka fara zuwa a 1893, da na SUM da suka biyo baya a 1904, Hausa suka riƙa a matsayin harshen wa'azi, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Tun daga nan kalmomin ta'aziyyar ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suka zama na Hausa.

A cikin kalmomin nan, wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce bege. A bakin Bahaushe, bege kewa ce mai haɗe da ƙauna: saurayi na begen budurwarsa, masu bege na begen Annabi. A majami'a kuwa, kalmar ta ɗauki nauyin tabbacin abin da ake jira, wato tashin matattu. Wasu fassarorin da suka biyo baya sun fi son "sa zuciya", amma tsofaffi ba su saki tsohuwar kalmar ba, kuma ina ganin sun yi daidai. Matar da ta rasa miji, idan ta ce tana da bege, magana biyu ta yi a numfashi ɗaya: tana kewarsa, tana kuma jiran ganinsa. Da wuya a sami kalmar da ta fi wannan dacewa da bakin kabari.

Daga wannan tushe sauran maganganun suka tsiro. Ba a cika cewa wane ya mutu ba, sai a ce ya yi barci cikin Ubangiji, ko an kira shi gida. Ana rufe jawabin ban kwana da "sai mun sadu". Fasto kan buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura ta 4, inda manzon ya bambanta baƙin cikin mai bi da na wanda ba ya jiran komai, ko Korintiyawa ta fari sura ta 15, inda aka kwatanta gawa da irin da ake binnewa kafin ya tsiro. Wannan misali ba ya buƙatar dogon sharhi a gaban manoma. Wanda ya taɓa zuba dawarsa ta ƙarshe a ƙasa yana duban gabas ko hadari zai haɗo, ya riga fasto fahimta.

An kuma gwada begen nan da wuta. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi. Mutane da dama sun yi makoki babu gawa, babu kabarin da za a nuna wa yara. A irin wannan hali, koyarwar cewa Allah ya san inda kowane jiki yake, kuma zai tashe shi, ta daina zama karatun makarantar Lahadi, ta koma abin da ake dafawa a miƙe.

Sai dai al'adar tana da nata ciwon. Sau da yawa ana mai da bege sandar hana kuka. Uwa ta fashe da kuka a kan akwatin ɗanta, sai ka ji wata dattijuwa na cewa, "Haba Mama, ina bangaskiyarki? Ki yi shiru mana." Bulus bai haramta baƙin ciki ba, irinsa ya bambanta. A Yohanna sura ta 11 kuma, Yesu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi nan take. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, amma waƙoƙin makokinmu sun fi yawa a kan murnar sama, kamar ana jin kunyar hawaye. Hawayen da aka danne a rumfa, a ɗaki yake zuba, inda babu mai rarrashi.

Ga kuma tsada. A ajiye gawa a mutuware makonni ana jiran 'ya'yan da ke Legas ko Abuja, a sayi akwati na alfarma, a ɗinka anko, a buga takardar tsarin sujada mai hotuna, a ciyar da ɗaruruwa. Maƙwabci Musulmi, wanda ya binne nasa a yini ɗaya cikin likkafani, yakan zo gaisuwa ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi yana mamaki a ransa. Jinkirin yana da amfaninsa, domin dangi na nesa su samu su yi sallama, amma gidan da aka bari da bashi ba a ta'azantar da shi ba.

Ta'aziyyar da ta fi inganci a wannan al'ada ba a bagadi na gan ta ba. A wajen matan Zumuntan nan take, masu zuwa da itace da tsabar masara, su share tsakar gida, su kwana a tabarma kusa da mai takaba ba tare da sun yi mata wa'azi ba. Matsalar ita ce, da an naɗe rumfa an mayar da kujerun majami'a, ƙafa sai ta ɗauke, alhali a lokacin ne kewa ke fara cizo. 'Yan'uwa, a riƙa komawa gidan bayan wata uku, lokacin da kuɗin makarantar marayu ya taso.