Dodon da Aka Riga Aka Gani: Kashi na Biyu a Finafinan Tsoro na Almarar Kimiyya

Jarin fim ɗin tsoro na almarar kimiyya shi ne rashin sanin mai kallo. A cikin Alien na Ridley Scott, wanda ya fito a 1979, mutum bakwai ne a kumbon Nostromo, dodon da H. R. Giger ya zana kuwa gutsi-gutsi ake nuna shi, nan haƙora, can jela. Ba ka san yadda yake hayayyafa ba, ba ka san jininsa na narka ƙarfe ba, sai lokacin da mutanen kumbon suka sani. Wannan jarin sau ɗaya ake cin ribarsa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Da wannan matsalar duk mai shirya kashi na biyu yake wayar gari. Ba kuma irin "na ɗaya da na biyu" na finafinan Kano zamanin kaset nake nufi ba, inda labari guda ake rabawa. Nan labari ya riga ya ƙare, za a sake tayar da shi.

A ganina babu wanda ya warware matsalar kamar James Cameron a Aliens na 1986. Bai yi kamar mun manta ba. Sanin namu ya mayar abin tsoro. An tsinto Ripley, wadda ita kaɗai ta tsira cikin mutanen Nostromo, bayan ta yi shekara 57 tana barci a sararin samaniya, ta ba da labari, manyan kamfanin da take wa aiki suka ƙaryata ta. Aka haɗa ta da sojoji masu ji da kansu zuwa wani matsugunin mutane a duniyar LV-426, suna ta raha tana yi musu bayani. Ita da mu kaɗai muka san abin da ke jiransu, shi ya sa doguwar tafiyar da fim ɗin ya yi kafin dodo ya bayyana ba ta gundura, zuciya sai bugawa take. Da suka shiga sheƙar dodannin a cikin wata tasha, sai aka umarce su su miƙa harsasansu, don harbi a wurin zai iya fasa na'urar sanyaya tashar. An ba su bindiga, an kuma hana su amfani da ita a inda suka fi bukata.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Newt, yarinyar da ta tsira ita kaɗai a matsugunin. A fim na farko ranta kawai Ripley take karewa. Yanzu tana da abin da za ta rasa, har ta koma cikin sheƙar da ƙafarta don ɗauko yarinyar, ta yi ido biyu da sarauniyar dodannin mai zuba ƙwai, uwa da uwa. Sarauniyar sabon abu ce, amma ba ta karya ƙa'idar fim na farko ba, amsa ta bayar ga tambayar inda ƙwayayen da aka gani a cikinsa suka fito. Ba banza ba sunan Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin Ripley, ya shiga takarar Oscar ta gwarzuwar jaruma, abin da ba kasafai irin wannan fim ke samu ba.

Shi ya sa Alien 3 na David Fincher, a 1992, yake ci mini rai. Hotonsa na da kyau, amma tun a buɗewa aka kashe Newt da soja Hicks da suka tsira tare da Ripley, aka zubar da duk abin da mai kallo ya sha fargaba dominsa. The Thing na 2011 kuwa sawun fim ɗin John Carpenter na 1982 ya bi taki-taki, sai dodannin kwamfuta a madadin na hannu. Prometheus na 2012 ya shiga tonon asalin labarin Alien, bayani ya yi yawa, tsoro ya ragu.

Prey na Dan Trachtenberg, a 2022, ya gane darasin. Dodon Predator da aka sani tun 1987 bai canza hali ba, amma an mayar da shi shekarar 1719, cikin ƙabilar Comanche ta Amurka, ya fuskanci budurwa Naru mai gatari da kare. Mun san yana gani ne da zafin jiki, ita ba ta sani ba, muka zauna muna jiran ta gano cewa furen maganin da take ba masu rauni yana sanyaya jini har ya ɓoye mutum daga idonsa.